Yadda ake ƙayyade yawan imel da mutum zai iya turawa ta uwar garke, da dalilin yin hakan

Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin tura gayyatar taro ko sanarwar kasuwanci ga ɗaruruwan mutane ta Gmail a rana ɗaya, mai yiwuwa ya ci karo da sanarwar cewa ya kai iyakar abin da zai iya turawa. Daga nan akwatinsa zai ci gaba da karɓar saƙonni, amma ba zai fitar da ko ɗaya ba sai bayan wasu sa'o'i, wani lokaci har sa'o'i 24. Da yawa kan ɗauka rowa ce ta kamfani, ko dabarar tilasta wa mutane biyan kuɗi. Akwai ƙamshin gaskiya a batun kuɗin, tunda mai biya ya fi samun sarari. Sai dai babban dalilin shi ne tsaro, kuma dalilin ya shafi kowace makaranta, asibiti ko ƙaramin kamfani da ke da uwar garken imel tasa, wato kwamfutar da ke karɓa da aika saƙonnin ma'aikata, wadda wasu ke kira sabar.

Misali mafi kusa shi ne iyakar da banki ke sa wa katin ATM ko manhajar tura kuɗi. Bankin ya san kuɗin na mai asusu ne. Ya sa iyakar ne saboda ranar da katin da lambar sirrinsa za su faɗa hannun ɓarawo, don kada a kwashe komai kafin gari ya waye. Iyakar imel ma aikinta ke nan.

Yadda saƙo ke fita

Ƙa'idar da kwamfutoci ke bi wajen miƙa wa juna imel ita ce SMTP, wadda Jon Postel ya rubuta a 1982. An sabunta ta daga baya, kuma sigar 2008 ita ce aka fi dogaro da ita, amma ginshiƙinta bai sauya ba. Kwamfutar mai turawa tana gaisawa da uwar garke, ta faɗi adireshin mai saƙon, ta lissafo adireshin masu karɓa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta miƙa saƙon kansa. Bayan kowane mataki uwar garke tana mayar da amsa da lamba mai alƙaluma uku. Lambar da ta fara da 2 tana nufin an karɓa. Wadda ta fara da 4 tana nufin a dakata a sake gwadawa an jima. Wadda ta fara da 5 kuma tana nufin an ƙi, kada a sake kawowa.

A zamanin da aka tsara ƙa'idar, masu amfani da hanyar sadarwar 'yan kaɗan ne, akasari a jami'o'i da cibiyoyin bincike na Amurka, kuma sun yarda da juna. Saboda haka babu wani tanadi a cikinta na hana mutum ɗaya tura saƙo dubu ɗari a dare guda. Tura saƙo ɗaya da tura miliyan kusan kuɗinsu ɗaya ne ga mai turawa. Tun kafin a rubuta ƙa'idar ma an ɗanɗana abin da ke tafe: a watan Mayun 1978 wani ɗan tallan kamfanin DEC mai suna Gary Thuerk ya aika talla ga mutane kusan 400 a kan ARPANET, abin da ake ɗauka a matsayin saƙon bogi na farko.

Daga baya aka raba ƙofofi. Ƙofa mai lamba 25 ta zama ta hulɗar uwar garke da takwarorinta na waje. Ƙofofi masu lamba 587 da 465 kuma na masu akwati ne, kuma ba a shiga sai da suna da kalmar sirri. Wannan rabuwa tana da muhimmanci ga batun iyaka, domin a ƙofar masu akwati ne uwar garke ke sanin takamaiman wanda ke tura saƙon.

Abin da ake karewa

Kowace uwar garke tana fitar da saƙonni ta wani adireshin IP, kuma manyan masu karɓar saƙo irin su Gmail da Outlook da Yahoo suna lura da halin kowane adireshi da kowane domen, wato sunan da ke zuwa bayan alamar @. Idan saƙonnin da ke fitowa daga wani wuri suna yawan zuwa akwatunan da babu su, ko masu karɓa suna yawan danna maɓallin ƙorafi a kansu, darajar wurin sai ta faɗi. Da farko a riƙa jinkirta saƙonninsa, sannan a riƙa jefa su kwandon bogi, daga ƙarshe a daina karɓa gaba ɗaya.

Akwai kuma ƙungiyoyin da aikinsu shi ne tattara adiresoshin da ke watsa bogi. Mafi shahara ita ce Spamhaus, wadda Steve Linford ya kafa a 1998. Dubban kwamfutocin karɓar imel a duniya suna tambayar kundinta kafin su amsa wa baƙo, kuma tambayar ba ta kai sakan ɗaya ba. Da zarar adireshi ya shiga irin wannan baƙin kundi, saƙonninsa za su fara dawowa daga wurare da yawa a lokaci guda.

A nan ne matsalar ke girma, domin duk masu akwati a uwar garke ɗaya adireshi ɗaya suke fita da shi. Wake ɗaya ke ɓata gari. A ɗauka wani kamfani mai ma'aikata 60 yana da uwar garkensa. Wata ma'aikaciya ta samu saƙon da ke cewa akwatinta ya cika, ta danna mahaɗin da ke ciki, ta rubuta kalmar sirrinta a shafin ƙarya. Da tsakar dare ɓarayin suka shiga da sunanta. Idan manhajarsu tana aika wa mutum 5 a kowane sakan, a sa'a ɗaya ta kai ga mutum 18,000, a sa'o'i 8 kuma 144,000. Da safe takardar neman biyan kuɗi da akanta ya tura wa abokin ciniki ba za ta isa ba, haka takardar neman kwangila da manaja ya aika ana saura sa'a biyu a rufe karɓa. Babu laifin da su biyun suka yi. Adireshin da suke fita da shi ne ya ɓaci.

Da a ce akwatin ma'aikaciyar yana da iyakar mutum 200 a sa'a, iyakacin abin da zai fita a daren nan 1,600 ne, kuma idan akwai iyakar rana a kai, ba zai ma kai haka ba. Ɓarnar da za ta ɗauki kwanaki ana roƙon a cire suna daga baƙin kundi ta koma aikin sauya kalmar sirri ɗaya.

Satar kalmar sirri ba ita kaɗai ce hanyar ba. Ƙwayar cutar Melissa ta watan Maris 1999 tana tura kanta ga mutum 50 na farko a littafin adireshin Outlook, ita kuwa ILOVEYOU ta watan Mayun 2000 tana bin duk sunayen da ta samu. Akwai kuma ɓarnar da babu mugu a cikinta: manhajar ofis da ta rikice tana maimaita sanarwa ɗaya sau dubu, ko akwatuna biyu masu amsa kai tsaye da suka kama mayar wa juna martani ba tsayawa.

Iyakokin manyan kamfanoni

Duba abin da manya ke yi yana taimaka wa mai ƙaramar uwar garke ya san inda zai dosa. Akwatin Gmail na kyauta yana da iyakar 500 a rana. Akwatin Google Workspace na biya yana da saƙo 2,000 a rana, amma wanda ke lokacin gwaji 500 ne. Ranar da ake nufi a nan ba ta farawa da ƙarfe 12 na dare, sa'o'i 24 ne da suka wuce daga kowane lokaci aka duba.

A Exchange Online na Microsoft, akwati ɗaya yana iya aika wa masu karɓa 10,000 a rana, kuma ba zai wuce saƙo 30 a minti ba. Idan tsarin ya ga akwati yana fitar da abin da ya yi kama da bogi, yakan hana shi turawa har sai mai kula da kamfanin ya shiga ya sake shi.

Hatta Amazon SES, wanda sana'arsa ita ce tura saƙonni masu yawa, ba ya sakar wa sabon abokin ciniki mara. Sabon asusu yana farawa da saƙo 200 a sa'o'i 24, ɗaya a kowane sakan, sai ya nemi ƙari ya bayyana abin da zai yi da shi. Kamfanonin da ke ba da hayar kwamfutoci ta intanet ma sun ɗauki mataki: Google Cloud yana toshe fita ta ƙofa ta 25, AWS kuma yana taƙaita ta sai an nemi izini.

Abu biyu ne suka fito fili a waɗannan misalai. Na farko, ana haɗa iyaka mai gajeren zango da mai dogon zango. Na biyu, sabon shiga yana farawa da kaɗan, a ƙara masa gwargwadon yadda aka ga halinsa.

Ɓangaren karɓa shi ma ya tsananta. Daga watan Fabrairun 2024, Google da Yahoo sun ɗora sharuɗɗa a kan masu tura saƙo da yawa. A wajen Google, duk mai aika saƙo kusan 5,000 a rana zuwa akwatunan Gmail dole ya tabbatar da domen ɗinsa ta hanyoyin SPF da DKIM da DMARC, ya sauƙaƙa wa mutane cire kansu daga jerin talla da dannawa ɗaya, kuma ƙorafin bogi a kansa kada ya kai kashi 0.3 cikin 100. Wato ƙorafi 3 a cikin saƙo 1,000 ya isa ya jawo matsala. Dare ɗaya na akwatin da aka sace zai iya zarce wannan nesa ba kusa ba.

Me ake ƙirgawa, kuma a kan wa?

Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙirga saƙo maimakon masu karɓa. Saƙo ɗaya yana iya ɗaukar adireshi da yawa. Ƙa'idar SMTP ta ce dole uwar garke ta iya karɓar aƙalla masu karɓa 100 a saƙo guda, manhajar Postfix kuma tana barin har 1,000 idan ba a sauya saitinta ba. Ke nan iyakar saƙo 100 a sa'a, ba tare da duba masu karɓa ba, tana iya barin a isa ga mutum 100,000. Abin da duniyar waje ke gani shi ne yawan akwatunan da aka taɓa, don haka shi ya kamata a ƙirga.

Tambaya ta biyu ita ce sunan da za a rubuta lissafin a kansa. Akwai zaɓi huɗu da aka saba da su.

Na farko, adireshin IP na kwamfuta ko wayar da ta kawo saƙon. Wannan yana da sauƙi amma yana da rauni ta fuska biyu. Ma'aikata 40 a ofis ɗaya sukan fito intanet da adireshi ɗaya, haka masu amfani da datar waya da yawa kan yi tarayya a adireshi ɗaya na kamfanin sadarwa, don haka iyakar za ta matse marasa laifi. Su kuma ɓarayi suna amfani da ɗaruruwan kwamfutocin da suka kame a ƙasashe daban-daban, kowace ta tura kaɗan, babu wadda za ta kai iyaka.

Na biyu, adireshin da aka rubuta a matsayin na mai saƙo. Wannan ana iya ƙirƙirarsa, kuma mai bogi yana iya sauya shi a kowane saƙo, sai dai idan an saita uwar garke ta ƙi duk saƙon da adireshinsa bai dace da sunan da aka shiga da shi ba.

Na uku, sunan da aka shiga da shi tare da kalmar sirri. Wannan shi ne ma'auni mafi inganci, domin ko daga ƙasa goma aka shigo, lissafin yana taruwa wuri ɗaya.

Na huɗu, domen gaba ɗaya. Yana da amfani a matsayin rufi na sama, musamman idan an sace akwatuna da yawa a lokaci guda, amma idan shi kaɗai aka dogara da shi, akwati ɗaya zai iya cinye rabon kowa.

Tsari mai kyau yakan haɗa na uku da na huɗu, ya bar na farko don kare uwar garken daga masu yawan ƙwanƙwasa ƙofa.

Yadda ake auna lokaci

Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙirga daga farkon sa'a zuwa ƙarshenta, sannan a koma sifili. Matsalarta ita ce mutum zai iya tura 200 da ƙarfe 9:59, ya ƙara 200 da ƙarfe 10:01, wato ninki biyu cikin minti biyu. Shi ya sa wasu ke amfani da lokaci mai tafiya irin na Google, inda kullum ake waiwayar sa'o'in da suka gabata.

Hanya ta uku ita ce ta bokiti mai yoyo. Kowane akwati yana da bokiti mai iyakar girma, kowane mai karɓa da aka aika wa kamar an zuba kofi ɗaya ne a ciki, ƙasan bokitin kuma yana ɗiga a hankali ba tsayawa. Wanda ya jima bai tura komai ba zai tarar da bokitinsa wayam, ya iya aika sanarwa ga mutum 80 a take. Wanda ke zubawa ba ƙaƙƙautawa kuwa bokitinsa zai cika, ya koma tura gwargwadon abin da ke ɗiga. Wannan hanya ta fi dacewa da yadda ɗan Adam ke aiki, domin mutum yakan tura da yawa a ɗan lokaci sannan ya huta, ita kuwa manhajar bogi ba ta hutawa.

A manhajar Postfix

Postfix, wadda Wietse Venema ya rubuta aka fitar a ƙarshen 1998, tana cikin manhajojin da aka fi ɗorawa a uwar garken imel masu amfani da Linux. Tana da wani sashe mai suna anvil da ke riƙe lissafi na ɗan gajeren lokaci. Saitin smtpd_client_message_rate_limit yana ƙayyade yawan saƙo, smtpd_client_recipient_rate_limit kuma yawan masu karɓa, a cikin tsawon lokacin da anvil_rate_time_unit ya nuna, wanda sakan 60 ne idan ba a sauya ba. Dukkan iyakokin biyu a kashe suke zuwa.

Masu farawa da yawa kan kunna waɗannan su ɗauka sun gama. Amma anvil adireshin IP yake ƙirgawa, bai san sunan mai akwati ba, kuma yana tsallake kwamfutocin da aka lissafa a matsayin na gida. Bayanan Postfix kansu sun yi gargaɗin cewa an yi waɗannan saituna ne don kariya daga masu cin zarafin uwar garke, ba don daidaita zirga-zirgar saƙonnin halal ba.

Don iyaka a kan kowane akwati, Postfix tana miƙa shawarar ga wata manhaja ta daban ta hanyar check_policy_service. Tana sanar da ita sunan da aka shiga da shi da yawan masu karɓa, ita kuma ta amsa da a bari ko a hana. Daga cikin waɗanda aka saba amfani da su akwai postfwd da policyd. Akwai kuma Rspamd, manhajar tace bogi da ke haɗuwa da Postfix ta wata hanyar, wadda ke da sashen iyaka mai aiki da tsarin bokiti, tana adana lissafinta a Redis. Ya kamata a ɗora wannan bincike a ƙofofin 587 da 465, inda masu akwati ke shigowa.

Akwai wani saiti da ake rikita shi da waɗannan, wato default_destination_rate_delay. Shi ba ya hana kowa turawa. Yana sa tazara ne tsakanin saƙonnin da ke fita zuwa wuri ɗaya, don kada a cika wa mai karɓa ƙofa. Yana da amfani ga mai tura sanarwar halal, amma idan bogi ya riga ya shiga layi, zai fita ne a hankali kawai.

A Exim da cPanel

Exim, wadda Philip Hazel ya fara rubutawa a Jami'ar Cambridge ta Ingila a 1995, tana da nata sharaɗin mai suna ratelimit a cikinta, ba sai an ƙara wata manhaja ba. Ana rubuta adadi, da tsawon lokaci, da abin da za a ƙirga, da wanda za a ƙirga wa, kamar haka:

ratelimit = 200 / 1h / per_rcpt / $authenticated_id

Ma'anarsa masu karɓa 200 a sa'a ɗaya ga kowane sunan da aka shiga da shi. Exim tana lissafa matsakaicin gudun turawa ne, inda saƙonnin baya-bayan nan suka fi nauyi, don haka babu matsalar farkon sa'a da ƙarshenta. Tana da yanayi biyu: leaky, wanda ba ya ƙara lissafi a kan abin da ya zarce iyaka, da strict, wanda ke ƙirga kowane yunƙuri, ta yadda mai naci zai daɗe a toshe.

Wannan ya shafi ƙananan 'yan kasuwa da makarantu da ƙungiyoyi da yawa ko da ba su taɓa jin sunan Exim ba, domin ita ce ke aiki a ƙarƙashin cPanel, allon da kamfanonin ba da masauki ga shafukan intanet ke bai wa abokan cinikinsu. Mai uwar garken yana iya sa iyakar saƙo a sa'a ga kowane domen daga allon WHM. A saitin da ya zo da shi, idan iyakar 100 ce, saƙonni 25 na gaba za su jira a layi, abin da ya wuce 125 kuma a ƙi shi. Akwai kuma saitin da ke dakatar da domen idan kaso mai yawa na saƙonninsa suna dawowa, wanda alama ce ta jerin adiresoshin da aka saya ko aka tsinto. Wanda ya karɓi hayar masauki ya kamata ya tambayi adadin tun kafin ranar da zai tura sakamakon jarrabawa ga iyaye 700.

Ƙofar baya

Akwai hanyar da saƙo ke fita ba tare da ya bi ta ƙofar masu akwati ba. Idan shafin intanet da imel suna kwamfuta ɗaya, shafin yana iya miƙa saƙo kai tsaye daga ciki, kamar yadda aikin mail na PHP ke yi, wanda shafukan WordPress da yawa ke amfani da shi. A Postfix irin wannan saƙo ba ya bi ta sashen da ke tambayar iyaka, don haka duk ƙa'idojin da aka ɗora a can ba sa ganinsa. Tsohon ƙarin WordPress da ba a sabunta ba, ko fom ɗin tuntuɓa da ba shi da kariya, ya isa ya zama bututun bogi alhali iyakar kowane akwati tana nan daram.

Maganinsa shi ne a tilasta wa kowane shafi ya tura ta ƙofa ta 587 da akwatinsa na musamman mai tasa iyakar. A Postfix, saitin authorized_submit_users yana ƙayyade waɗanda ke da izinin miƙa saƙo daga ciki. A Exim kuma acl_not_smtp yana ba da damar ɗora iyaka a kan irin waɗannan saƙonni. Sannan a sa katangar tsaro ta hana kowace manhaja fita ta ƙofa ta 25 in ban da manhajar imel ɗin kanta.

Idan an kai iyaka

Amsar da uwar garke ke bayarwa tana da tasiri kamar adadin kansa. Idan ta amsa da lamba mai fara da 4, kwamfutar da ke da layin jira za ta sake gwadawa, manhajar waya ko ta tebur kuma galibi takan nuna kuskure ta bar saƙon a akwatin fita. Babu abin da ya ɓace. Idan ta amsa da 5, mai turawa zai san nan take cewa saƙon bai tafi ba. Hanya ta uku ita ce a karɓi saƙon a tsare shi har mai kula ya duba, wadda ke ba da damar ganin abin da ake turawa, amma tana buƙatar wanda zai duba da wuri. Abin da bai kamata ba shi ne a karɓa a zubar a ɓoye, domin mai saƙon halal zai zauna yana jiran amsar wasiƙar da ba ta taɓa fita ba.

Ya kamata bayanin da ke biye da lambar ya zama mai ma'ana ga mutum: an kai iyakar sa'a, a sake gwadawa an jima, ga wanda za a tuntuɓa. Mafi muhimmanci kuma, duk lokacin da akwati ya buga iyaka a sanar da mai kula da uwar garke. Iyaka tana rage gudun ɓarna ne kawai. Idan babu wanda ya sani, ɓarawo zai ci gaba da cinye rabon akwatin kowace sa'a har tsawon mako. Da zarar ƙararrawa ta kaɗa, matakan a bayyane suke: a duba ƙasashen da aka shigo daga cikinsu, a dakatar da akwatin, a sauya kalmar sirri, a share bogin da ke layi, a kuma duba ko an dasa dokar karkatar da saƙonni zuwa wani akwati na waje.

Zaɓar adadi

Babu adadi ɗaya da ya dace da kowa. Hanyar da ta fi ita ce a duba rajistar uwar garke ta wata ɗaya ko biyu, a ga mafi yawan abin da kowane akwati ya tura a sa'a da kuma a rana. Galibi za a tarar yawancin ma'aikata suna ƙasa sosai, 'yan kaɗan ne ke tura da yawa, kamar ofishin kuɗi, sakatariya da manhajar da ke aika rasit. Sai a sa iyakar gama-gari sama da abin da aka saba gani da ɗan rata, a ware wa waɗancan 'yan kaɗan tasu. Yana da kyau a fara da mako biyu na lura kawai, ana rubuta wanda da zai buga iyaka ba tare da an hana shi ba, don kada ranar biyan albashi ta zo da mamaki.

Kada a bar kowane akwati ba iyaka, har na shugaban ma'aikata. Akwatunan manya su ne ɓarayi suka fi nema, tunda saƙon da ya fito da sunansu ya fi saurin karɓuwa.

Shi kuma mai amfani da ya ga sanarwar iyaka, abu na farko shi ne ya tambayi kansa ko shi ya tura saƙonnin. Idan bai tura da yawa ba, ya duba akwatin abin da aka aika, ya sauya kalmar sirri nan take, ya kunna tantancewa mai mataki biyu, ya sanar da mai kula. Idan kuwa shi ne, kuma buƙatarsa ta tura wa ɗaruruwa ce a kai a kai, to akwatin hira da abokan aiki ba shi ne wurin ba. Akwai kamfanonin da aka gina don haka, irin su Mailchimp da Brevo da Amazon SES, waɗanda ke fitar da saƙo ta nasu adiresoshin, suna kula da masu son cire kansu, suna kuma daina aika wa akwatunan da suka mutu. Raba sanarwar jama'a da wasiƙun yau da kullum yana nufin ko da talla ta jawo ƙorafi, takardar akanta za ta isa inda aka aika ta.